Yadda ake murɗe gashi a warware shi don ranar biki

Gashinmu na baƙar fata, musamman wanda bai taɓa ganin rilaksa ba, akwai adon da yake ɗauka ba tare da an ƙara masa gashin kanti ko an ja fatar kai da kitso ba. A wanke shi, a murɗe shi kashi biyu-biyu irin yadda ake tufkar igiya tun yana da danshi, a bar shi ya bushe, sannan a warware. Sai ya fito a cike, kowane sashe da lanƙwasarsa, yana sheƙi. Murɗin kansa ba wuya, hannu ba ya daɗewa bai koya ba. Inda sababbin shiga suke faɗuwa shi ne lissafin lokaci. Sai su fara a daren jajibiri, gari ya waye gashi bai bushe ba, su warware a haka saboda ana jiransu, kafin a gama gaishe-gaishe kai ya tashi buzu-buzu. In taron na Asabar ne, ranar Alhamis za ki wanke kanki. Juma'a ta bushewa ce, ba abin da za ki yi mata.

Abu biyu nake so ki sani kafin ki taɓa ruwa. Na farko, silin gashinmu ba mulmulalle ba ne, yana da ɗan faɗi kuma a nannaɗe yake tsirowa. Maiƙon da fatar kai take fitarwa ba ya iya bin wannan lanƙwasa ya gangaro har ƙasa, shi ya sa bakin gashin ya fi ko'ina bushewa, kuma duk inda sili ya lanƙwasa nan ne yake da rauni. Na biyu, ruwa yana sassauta wasu mahaɗai da ke cikin silin, in ya bushe sai su sake kamawa a kan siffar da suka samu kansu. Gashin da ya bushe a murɗe zai riƙe murɗin. Wanda aka warware da saura danshi zai ƙarasa bushewa a yadda ya ga dama. A nan ma za ki gane cewa ruwa ne yake sa gashi laushi. Mai ba ya jiƙa komai, aikinsa ya rufe ruwan don kada ya gudu da wuri. Duk wadda ta lafta mai a busasshen gashi, maiƙo kawai ta samu.

Za ki riƙa cin karo da lambobi a jikin kwalaben kayan gashi, su 3C, 4A, 4C. Asalinsu tsarin da Andre Walker, wanda ya daɗe yana gyara wa tauraruwar talabijin ta Amurka Oprah Winfrey gashi, ya fito da shi a shekarun 1990, inda ya raba gashi gida huɗu daga miƙaƙƙe zuwa mai tsananin nannaɗewa. Yawancinmu a gida na uku da na huɗu muke. Ni dai ban cika damuwa da lambar ba, don kai ɗaya ma yakan haɗa iri biyu ko uku, na ƙeya daban na tsakiya daban. Abin da ya fi amfani shi ne ki san yadda gashinki yake shan ruwa. Ki fesa ruwa a tsaftataccen gashi ki duba. In ɗigon ya tsaya a kai yana ƙyalli kafin ya shige, gashinki mai taurin sha ne, yana son ruwan ɗumi da mai mara nauyi. In ya shanye nan take kuma bai daɗe ba ya bushe, to yana son mai mai kauri da zai toshe masa hanya.

Kayan da za ki tanada

Shamfu mai sauƙi, wanda ba shi da sinadarin salfet, domin salfet yana kwashe maiƙo fiye da yadda gashinmu zai iya jurewa. Amma in kin daɗe kina shafa jel da mai mai kauri har kai ya yi danƙo, wannan karon ki yi amfani da shamfu mai ƙarfin, ya fi wankewa.

Kwandishana iri biyu: na ɗaurayewa mai santsi sosai, da wanda ake bari a gashi. In kina da kwandishana mai kaurin nan na sitimin, ya fi. In babu wanda ake bari, ki ɗebi cokali ɗaya na na ɗaurayewar ki kaɗa a rabin kofin ruwa, zai yi miki aiki, sai dai kada ya taɓa fatar kai da yawa.

Mai iri biyu shi ma: na ruwa kamar man zaitun, man kwakwa ko man jojoba, da mai kauri kamar man kaɗanya. Man kwakwa yana cikin 'yan kaɗan da suke shiga cikin silin gashi ba su tsaya a baya ba, shi ya sa ya fi dacewa da shafawa kafin wanki. Wasu kuma yana sa musu gashi ya yi tauri. In ke ce, ki koma man zaitun.

Kirim ɗin murɗi ko jel mara ƙarfi. Ki karanta jerin sinadaran. In gilisirin yana cikin na farko-farko kuma lokacin damina ne ko iska na da laima, ki ajiye shi, don gilisirin yana jawo danshin iska ya kumbura gashin, lanƙwasar ta ɓace tun kafin ki isa.

Sai mataji mai manyan haƙora, tsinken tsaga ko mataji mai jela, maƙalai huɗu zuwa shida na kama gashi, kwalbar feshi, hular leda, tsohuwar rigar auduga mai laushi a madadin tawul, hular bacci ko ɗankwali na satin ko siliki, almakashi mai kaifi wanda ba a yanka komai da shi sai gashi, da madubi biyu don ki ga ƙeya. In babu maƙalai, ki yanka tsohuwar safa mai talewa ki yi ɗauri da ita. Robar ɗaure kuɗi kuwa kada ta kusanci kanki, tana cin gashi.

Kafin ranar wanki ki yi gwaji guda: ki ɗiga kwandishanan da ake bari da kirim ko jel ɗin a bayan hannunki ki cuɗa su. In sun haɗu sumul, to. In suka yi ƙananan fararen gudaji, haka za su yi a kanki, ki wayi gari kamar mai amosani. Sai ki sauya ɗaya daga ciki.

Mataki na 1: Tsifa da warware cukurkuɗewa

In akwai kitso a kanki, ki tsefe shi a hankali daga ƙasa zuwa sama, kina ɗan shafa mai a yatsu. Yanzu ga gargaɗin da ya fi kowanne muhimmanci a wannan aiki: kada ki zuba ruwa a kan da aka tsefe ba a taje ba. Mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a kowace rana, kuma in yana cikin kitso ba su da hanyar faɗuwa. Kitson mako shida ke nan ya tara miki sili dubu biyu zuwa dubu huɗu, ga datti da ya dunƙule a gindin kowane kitso. Ruwa da shamfu na taɓa su za su cure wuri ɗaya, wani lokacin sai almakashi ya raba.

Ki raba kan gida huɗu, in gashin na da cika ki yi shida. Ki ɗauki gida ɗaya, ki ɗan fesa ruwa kaɗan don ya saki, ki shafa man kwakwa ko na zaitun ko kwandishana, ki fara da yatsu. Yatsu suna jin ƙulli kafin ya tsinke, mataji ba ya ji. In kin ci karo da ƙulli, ki riƙe sama da shi da hannu ɗaya, ki riƙa zare silin ɗaya bayan ɗaya zuwa gefe. Sai yatsu sun wuce ba tangarɗa sannan mataji zai shiga, shi ma daga baki yake farawa yana hawa sama a hankali. Kin gama gida, ki murɗe shi babban murɗi ki maƙale. Kada curin gashin da ya fito ya tsorata ki. Ki duba shi: mai tsawo da ɗan farin ɗigo a kai ya gama kwanansa ne ya faɗo. Guntaye marasa ɗigo su ne karyayyu, su ne abin damuwa.

Ki sa hular leda ki bar man ya yi minti talatin ko fiye.

Mataki na 2: Wanki

Kada ki warware gidajen duka lokaci ɗaya. Ki jiƙa kan da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, har sai ya jiƙu sharkaf. Gashi mai taurin sha yakan ɗauki minti biyu ko uku kafin ruwa ya ratsa shi. Ki kwance gida ɗaya, ki zuba shamfu a fatar kai, ki murza da tafin yatsu, ban da farce. Da ɗaya hannun ki riƙe bakin gashin a miƙe don kada ya takure ya sake harɗewa. Kumfar da ta gangaro ta isa ta wanke tsawon. Ki ɗauraye, ki mayar da murɗin, ki wuce na gaba.

Kada ki tara gashin a tsakiyar kai kina cuɗawa. Duk wahalar da kika sha a mataki na farko za ta tashi a banza.

Wanki ɗaya yakan isa, biyu in kan ya daɗe. In kina da amosani, ki nemi shamfu mai maganin ketokonazol ko makamancinsa, ki bar shi a fatar kai minti uku zuwa biyar kafin ki ɗauraye, sannan ki daina shafa mai a fatar, domin ƙwayar da ke haddasa amosanin maiƙo take ci. In kuwa kin ga ƙuraje masu ruwa, ko wani wuri ya saɓule ya yi fili, wannan ya wuce shamfu, sai likitan fata.

Mataki na 3: Kwandishana da ɗumi

Ki matse ruwan da hannu, ki shafa kwandishana gida-gida, ki fi ba bakin gashin. Kada ki yi rowa a nan. In gashin bai yi santsi a hannunki ba, bai isa ba. Ki sake bi da mataji sau ɗaya, yanzu zai wuce salin-alin. Ki sa hular leda ki zauna minti 20 zuwa 30. In kina da diraya ta kifawa a kai, ki shiga ƙarƙashinta a matsakaicin zafi. In babu, ki jiƙa tawul da ruwan ɗumi, ki matse, ki naɗa a kan hular, in ya huce ki sake. Ko wannan babu, ɗankwali mai kauri a kan ledar ya isa, ɗumin kanki zai yi aikin, sai dai ki ƙara minti goma.

Wasu suna kwana da shi. Ban ga ribar ba. Gashin da ya kwana a jiƙe yakan yi laushin da ya wuce kima, ya kasa riƙe lanƙwasa, fatar kai kuma ta yi ƙaiƙayi.

Ki ɗauraye da ruwa mai ɗan sanyi, ki naɗa rigar audugar ki matsa, kada ki goga. Tawul mai kaushi yana tayar da bayan silin. Ki bar rigar minti goma.

Mataki na 4: Duba bakin gashi

Ki ɗauki sashe ki bi shi da yatsu har ƙasa. In ƙarshen ya yi kaushi, ya tsage biyu, ko ya cika da ƙananan ƙulli, ki datse kamar rabin santimita. Bakin da ya tsage ba ya naɗewa, kuma ba man da zai haɗe shi komai abin da aka rubuta a kwalba. Na san zafin yanke gashin da a wata guda da ƙyar yake ƙara santimita ɗaya, amma tsagewar hawa sama take yi in an bar ta. In hannunki bai saba ba, ki bari sai kin gama murɗi, ki datse ɗan siririn da ya zarce a ƙarshen kowanne.

Mataki na 5: Shafe-shafe

Jeri ne: ruwa, mai, kirim. Gashin na da danshi amma ba ya ɗiga. Ki shafa kwandishanan da ake bari, ki bi da 'yan ɗigon mai na ruwa, sannan kirim. In gashinki mai taurin sha ne, ki sa kirim kafin mai, kuma ki rage yawan duka. In mai saurin bushewa ne, ki narkar da man kaɗanya kaɗan a tafin hannu har ya zama ruwa, ki rufe bakin da shi.

Yawan shafa shi ne kuskure na biyu bayan gaggawa. Ga kowane ƙaramin sashe, abin da kan yatsa zai ɗauko ya isa. In kin murɗa kin ga farin kirim yana tsattsafowa tsakanin igiyoyin, ya yi yawa, ki goge da rigar. Gashin da aka cika wa kaya ba ya bushewa da wuri, in ya bushe kuma nauyi yake yi ya kwanta.

Mataki na 6: Murɗin

Ki fara yanke shawarar inda tsagarki za ta kasance ranar bikin, tsakiya ko gefe, ki tsaga ta yanzu da tsinke ta fita tas. Sauran tsagogin da yatsa za ki yi su, ba a so su miƙe, don miƙaƙƙiyar tsaga tana nunawa bayan an warware. Ki kuma murɗa kowane sashe ya fuskanci inda kike so ya kwanta. Wanda kike so ya sauko goshi, gaba za ki ja shi.

Girman sashe shi ke ba da siffa. Ƙanana suna ba da siraran lanƙwasa masu daɗewa kuma sun fi saurin bushewa. Manya suna ba da cika amma ba sa jure kwana da yawa. Ga gashi mai matsakaicin tsawo da cika, murɗi 20 zuwa 30 daidai ne. Gajeren gashi yana buƙatar fiye da haka.

Ki fara daga ƙeya. Ki ware sashe mai faɗin yatsu biyu, ki maƙale sauran. Ki bi shi da yatsu ko mataji ya miƙe sumul, don duk harɗewar da kika murɗe da ita za ki same ta ranar warwarewa. Ki raba shi biyu daidai wa daida. In ɗaya ya fi ɗaya kauri, siririn zai ƙare kafin ki kai ƙasa. Ki ɗora na dama a kan na hagu, ki sauya hannu, ki sake ɗora na dama a kan na hagu, haka har ƙasa. A kowace ɗorawa ki ɗan murza kowace igiya tsakanin babban yatsa da manuni, kina jan ta ƙasa kaɗan. Ki lura da wannan: igiyoyin ana murza su ta ɓangare ɗaya, ana ɗora su ta ɗaya ɓangaren. In duka biyun suka bi hanya ɗaya, kina saki murɗin zai kwance da kansa.

Kada ki ari gashi daga wata igiya ki ƙara wa ɗayar a tsakiyar hanya. A lokacin ba za ki ga illar ba, sai ranar warwarewa igiyoyin su ƙi rabuwa, ki ja, wurin ya tashi. In kin ga ɗaya ta ƙare, ki kwance ki sake rabawa.

Murɗin ya kama, amma ban da gindi. In kin ji fatar tana ja, ko kin ga ta ɗago, ki sassauta. Gashin gaban goshi da na gefen kunne su ne mafi rauni, kuma yawan ja shi ke cinye su, in abin ya daɗe ba sa dawowa. A ƙarshen murɗi ki ɗan taɓa ruwa da kirim, ki naɗe bakin a yatsa ya yi ɗan zobe. In gashin ya bushe kafin ki kai gaba, ki fesa ruwa, kada ki ƙara kirim.

In gashinki na da rilaksa, ko rabi sabon tsiro rabi mai rilaksa, bakin ba zai riƙe murɗi ba. Ki naɗe shi a kan ƙaramin rola, in babu ki yanka tsinken shan lemo na roba ki naɗa a kai ki kama da fil. Ki kuma yi hankali da mahaɗar sabon tsiron da tsohon, nan ne yake karyewa. Ko ki yi kalaba mai igiya uku a madadin murɗi, ta fi kama irin wannan gashin kuma ta fi miƙar da shi, sai dai ta fi jinkirin bushewa.

Mataki na 7: Bushewa

Gashinmu yana takurewa in yana bushewa, wani har ya koma ƙasa da rabin tsawonsa. Ba lalacewa ba ce, alamar lafiya ce ma. In kina son tsawon ya fito, ki ja murɗin ki zagaya da su kan, ki kama da fil, ko ki tara su gida biyu ki ɗaure sako-sako.

A iska, gashi mai cika yana cin sa'a 12 zuwa 24, wani ya wuce. Da rana ki bar kan a buɗe, da dare ki sa hular satin. Ƙarƙashin diraya ta kifawa, sa'a ɗaya zuwa biyu a matsakaicin zafi. In ta hannu gare ki, ki sa ta a ɗumi ko sanyi, ki nisanta ta kamar taƙi ɗaya, ki riƙa yawo da ita.

Yadda za ki tabbatar: ki zaɓi murɗi mafi kauri a tsakiyar kai, ki matsa gindinsa. In kin ji sanyi a yatsa, da saura. Bayan murɗi yakan bushe tsakiyarsa na jiƙe, don haka ki kwance guda ɗaya ki taɓa cikinsa. In da danshi ki mayar, ki ƙara jira. Ba dabarar da za ta maye gurbin wannan.

Mataki na 8: Warwarewa

Ki yi wanka da hular leda a kan ta satin, ki fita daga banɗakin kafin ki taɓa gashin, tururi ba abokin wannan aiki ba ne. In rigarki ta kai ake sa ta, ki sa ta tukun, ki yafa wani ƙyalle a kafaɗa saboda mai. Kwalliyar fuska ma ki gama ta.

Ki shafa ɗigo biyu na mai a yatsu. Ki kama bakin murɗi, ki juya shi akasin yadda kika murɗa har ya buɗe, ki raba igiyoyin biyu a hankali. Ki gama kan duka a haka kafin ki ƙara komai. Sai ki koma ki duba kowace igiya: in kin ɗan ja ta, za ki ga inda take son rabuwa da kanta. Nan za ki raba, sau ɗaya ko biyu, ki naɗe bakin a yatsa. Kowace rabawa tana ƙara cika tana rage lanƙwasa. Ki tsaya tun kina ganin kamar bai isa ba, domin cikin sa'a biyu zai ƙara buɗewa da kansa.

Don ɓoye tsagogi, ki zura mataji mai manyan haƙora a gindi kawai, ki ɗaga kamar santimita biyu, ki zare. Kada ya bi tsawon. In kina son kwantar da gashin goshi, jel kaɗan da buroshi mai laushi, ki ɗaura ɗankwalin satin minti goma, ki cire. Daga nan ki cire hannunki daga kan.

In za ki sa abin ado, ki duba fil ɗin yana da ɗan dunƙulen roba a baki, wanda ya ɓare yana yankar sili. Riga mai duwatsu ko ƙyalƙyali a wuya tana kama gashin ƙeya, don haka ki ɗage na bayan da fil biyu. Dogayen 'yan kunne masu sarƙa ma haka suke yi da na gefe. A jaka ki sa fil huɗu, ɗauri mai laushi guda, da ƙaramin ɗankwali.

In abin bai yi ba

In lokaci ya ƙure gashi bai bushe ba, kada ki warware. Murɗin da kansa ado ne. Ki tattara su baya ki naɗe su gammo, ko ki kwantar da su gefe ɗaya ki kama da fil mai ado, ki bar biyu ko uku su sauko gaba. In kin riga kin warware kuma ya tashi, ki ɗan fesa ruwa a gefe-gefe, ki shafa jel kaɗan, ki zagaya dogon ɗauri daga ƙeya zuwa goshi ki ja shi sama a hankali har gashin ya taru a tsakiya ya yi tuntu. Ki ɗaure daidai yadda yatsa zai iya shiga, in ba haka ba ciwon kai zai kore ki daga taron. In wani ɓangare ne kawai ya lalace, ki jiƙa shi kaɗan, ki sake murɗewa ƙanana, ki busar da diraya minti goma sha biyar. In kuma ɗankwali za ki ɗaura, ki sa na satin a ciki, don auduga tana shanye danshin gashi tana goge na goshi.

Kada ki gwada sabon rini ko rilaksa a makon biki. Rini yana buƙatar gwaji a fatar bayan kunne sa'a 48 kafin a shafa, saboda akwai wadda fuskarta ke kumbura da shi.

Bayan an tashi

In gashin na da tsawo, ki sunkuyar da kai, ki tara shi a saman goshi da ɗauri sako-sako zagaye ɗaya, ki sa hula. In gajere ne, ki yi irin wannan ɗaurin gida uku ko huɗu. Da safe ki kwance, ki girgiza, ki ɗaga gindi da yatsu. In taron na kwanaki ne, daga dare na biyu ki riƙa yin manyan murɗi shida zuwa takwas da busasshen hannu mai ɗan kirim, ban da ruwa sosai. A haka zai kai ki kwana huɗu ko biyar. In ya fara ƙaiƙayi ko ya yi nauyi da mai, lokacin wanki ya yi, ki koma mataki na farko.